Ruwan Wata Biyu

Yaya Hambali, kai ne mai tambayoyin da ba wanda ya aike ka. Ka tuna ranar da muke dawowa daga fadama da buhun albasa a bayan kekenka, wata ya fito tun rana ba ta faɗi ba, ka tsaya a tsakiyar hanya ka ce mini, "Kai, da a ce su biyu ne fa?" Na ce sai mu huta da sayen batir. Ka yi dariya har keken ya kusa kifewa, ka ce tambayar ta fi ƙarfin batir, in je in yi tunani. To, na yi tunanin, sai dai na makara, ruwa ya riga ni zuwa gare ka. Karatuna bai yi nisa ba, ka sani, amma na zauna wajen masu hikaya na ji yadda suke jera magana, shi ne na ce bari in jera maka amsarka irin tasu. In na yi tuntuɓe ka yi haƙuri, da ma kai ke gyara mini.

An yi wani sarki a wata ƙasa ta bakin bahar, sunansa Mu'allayiɗi, mutum ne mai kwarjini da saurin fushi, amma ba a taɓa shaidarsa da zalunci ba. Birninsa, Birnin Gawasa, yana zaune ne daf da gaɓa, inda ruwan teku yake cika ya janye kullum. Mutanen garin sun gaji sanin ruwan nan daga kakanninsu: idan wata ya cika ko ya ɓace, ranakun babban ruwa ne, kowa ya nisanci gaɓa, idan kuwa wata ya tsaya rabi, ranakun ƙaramin ruwa ne, yakan dawo a hankali kamar tsoho mai dogara sanda. Suna da wata al'ada, kowace safiya Sarkin Ruwa zai sauka cikin rairayi ya kafa sanda a daidai inda ruwan wannan yini zai tsaya. Daga sandar zuwa sama a shanya kifi, a dafa gishiri, a ci kasuwa. Daga sandar zuwa ƙasa kuwa rabon teku ne. Sanin nan bai zama sirri ba, domin duk ɗan Gawasa da shi ya tashi, har 'ya'yan sarauta sukan yi gasar kafa kara su ga na wa ruwa zai sumbata ya koma.

Akwai kuma wani tsibiri da ake hangowa daga gari, can ne kaburburan sarakunansu suke. Ba a zuwa can a jirgi, don a wajensu rashin ladabi ne mutum ya je wa kakanninsa a zaune. Da ƙafa ake zuwa, ba takalmi, a ranar ƙaramin ruwa, bayan teku ya janye ya bar hanyar rairayi, Sarkin Ruwa ya busa ƙaho ya ce hanya ta buɗe.

Ana nan cikin wannan nizami sai Allah, da ikonsa da ba a tambayarsa dalili, ya fito da wani wata na biyu. Da farko kamar tauraro yake, ja-ja, sai ya yi ta girma kaka bayan kaka har ya kai kusan rabin na da, ga shi da sauri, yakan taso daga baya ya cim ma tsohon watan ya wuce shi. Mutane suka sa masa suna Baƙo.

Baƙo bai zo hannu sake ba. Duhu ya yi ƙaranci a ƙasar, har mutum ya fita bayan isha'i ya ga inuwarsa biyu, ɗaya gabas ɗaya arewa. Zakaru suka rikice suna cara ba lokaci, jarirai suka ƙi barci, iyaye suka zama masu saurin faɗa saboda gajiya. Masunta da ke kunna wuta a bakin kwalekwale don kifi ya taso, suka kunna har itacensu ya ƙare, kifi bai zo ba, domin ruwan duka ya zama haske, me zai zo nema. Kuraye suka yi ƙarfin hali suna shiga garke kamar an gayyace su. Iskar da ke kawo damina ta sauya hanya, ruwan sama ya yi jinkiri lokacin shuka, ya zo ya zuba lokacin girbi, gero ya tsira a kan zangarniyarsa. Gonakin shinkafa na bakin kogi suka fara fitar da farin gishiri kamar an barbaɗa toka, wani lokaci kuma ƙasa ta ɗan motsa ƙarƙashin mai salla, a wayi gari bango ya tsage. Malamai suka taru a kan mas'alar azumi da idi, suka yi ittifaƙi cewa da tsohon wata ake lissafi, Baƙo ba shi da hukunci a shari'a. Wannan fatawa daidai ce, ta kuma kwantar da hankalin jama'a. Sai dai jama'a sun ɗauke ta sun kai ta inda ba a aike ta ba, suka ɗauka Baƙo ba shi da hukunci a kan komai, har da teku.

A cikin wannan hali ne Yarima Hanafi, ɗan sarki tilo namiji, ya yi niyyar ziyarar kakanninsa. Sarkin Ruwa Barmo, dattijo wanda ya tsufa a kan aikin, ya dubi wata ya gan shi rabi, ya dubi teku ya ga ya janye nesa fiye da kullum, ya busa ƙaho. Yarima da mutanensa suka cire takalma suka shiga. Suna tsakiyar hanya ruwa ya dawo, ba dawowar tsoho mai sanda ba, dawowar mahaukacin sa. Mutanen gaɓa suna kallo, suna ihu, har fararen riguna suka zama ɗigo-ɗigo, har suka daina zama komai. Ko gawa ɗaya teku bai mayar ba.

Aka kama Barmo aka sa masa mari. Bayan an share makoki, sarki ya zauna a fada, idanunsa kamar garwashi, ya kira Waziri Labaran, wanda malami ne mutumin tudu da ya zo garin da girmansa. Ya ce, "Waziri, malamai sun ce mini ƙaddara ce, na ce na ji. Galadima ya ce mini sakaci ne, na ce na ji. Ni kuwa uba ne da bai wanke gawar ɗansa ba, kuma sarki ne da za a tsayar ranar hisabi. Ina so ka raba mini sakaci da ƙaddara a cikin wannan al'amari, rabawar da idona zai gani, ba wadda za ka karanto mini daga littafi ba. In ka kasa, kan Barmo zai sauka, rawaninka kuma ya bi shi."

Galadima Tanimu, wanda kawun Yarima ne ta wajen uwa, ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an ba mai kaza kiwon raƙumi. Waziri ai ruwan da ya sani na buta ne. Wannan magana ba ta bukatar malami. Ranar ƙaramin ruwa ce, ko jikana ya san ruwa ba ya gudu a irin ranar. Ko dai tsohon nan ya yi gyangyaɗi ya busa ƙaho a makare, ko an saye shi."

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiyar Galadima ce, Allah ya ja zamanin sarki, ko a rafi ban taɓa iyo ba. Saboda haka ne zan nemi taimakon masana. Abu biyu nake roƙo: a bar ni in zaɓi ranar hukunci, kuma a ranar duk wanda ke neman jinin Barmo ya sauko gaɓa da sandarsa a hannu."

Sarki ya ce, "An ba ka. Amma kada ka ja ni da nisa, Waziri, haƙurina ya nutse tare da yaron."

Washegari da hantsi Waziri ya shiga gidan yari, ya tarar da Barmo zaune ya jingina da bango, abincin jiya na gabansa bai taɓa ba. Ya zauna a ƙasa kusa da shi ya ce, "Sarkin Ruwa, tsakaninka da Allah, ka yi barci ranar?"

Barmo ya ce, "Allah ya gafarta malam, wa ke barci a garin nan tun da Baƙo ya zo?"

"Ka makara wajen busa?"

"Na busa a lokacin da ubana yake busawa, shi ma a lokacin da nasa uban yake busawa. Na dubi wata, rabi ne kamar an yanka shi da aska."

"Baƙon fa, a ina yake ranar?"

Barmo ya ɗago kai ya dube shi da mamaki. "Ban dube shi ba. Ba a koya mini shi ba. Ai ba namu ba ne."

Waziri kuwa ya san inda Baƙo yake a ranar, domin ya gan shi da rana tsaka manne da gefen tsohon wata, kamar ɗa a bayan uwa. Kuma a yammacin ranar ne matarsa ta ɗebo ruwa a rijiyar gidansu ta ce ya zama zartsi, ba ya shawuwa. Ba karon farko ba ke nan, kuma da ya waiwaya cikin zuciyarsa sai ya ga kamar duk lokacin da rijiyar ta yi gishiri watannin nan biyu suna kusa da juna. Zato ne kawai, bai kai yaƙini ba, kuma ya san ba a fansar ran mutum da zato a gaban uba mai makoki.

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. Ɗana Jatau ne ya ja musu gaba ranar, da sandata a hannunsa. Uwarsa tun daga ranar ba ta dube ni ba. Bar su su sare, ya fi mini sauƙi."

Waziri ya ce, "Ba zan hana ka son mutuwa ba, amma ba zan ba ka ita a bisa ƙarya ba. In an sare ka gobe za a naɗa wani, zai kafa sanda a inda kake kafawa, ya busa a lokacin da kake busawa, wannan karon matan kasuwa ne za su tafi. Ci abincinka. Ina da bukatarka a tsaye."

Daga nan Waziri ya shiga jira. Kullum yana duban sama yana ɗanɗana rijiya, sarki kuma kullum yana aiko masa da dogari a tambaye shi ko ya manta. Galadima ya baza a gari cewa Waziri na jira ne sarki ya huce. Har wata safiya sarki ya aiko cewa gobe ne iyaka, da hujja ko babu. Waziri ya fita tsakar gida ya lissafa tafiyar Baƙo, ya ga gobe tsohon wata zai zama rabi, Baƙo kuma yana gab da cim masa, amma ko zai cim masa kafin cikar ruwa ko sai bayanta, wannan bai sani ba. Ya ce wa dogarin, "Ka ce da sarki gobe ta yi."

Da rana ta ɗaga gari ya fito gaɓa. Teku ya janye nesa, nesa ƙwarai, har duwatsun da ba a taɓa gani ba suka fito suna sheƙi, kifaye na tsalle a cikin ƙananan kududdufai. Aka kawo Barmo. Da ya ga nisan ruwan sai ya ce a hankali, "Haka ya yi ranar."

Waziri ya tsaya gaban sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an ce Barmo ya yi sakaci da sanin da kowa ya sani. To, ga masu sanin nan. Kowannensu ya sauka ya kafa sandarsa a inda ruwan yau zai tsaya, yadda aka koya masa, ba tare da ya dubi ta wani ba."

Galadima ya yi dariya ya ce, "Wasan yara za mu yi? To, bismilla." Ya sauka ya kafa tasa can ƙasa, domin ranar ƙaramin ruwa ce. Hakimai suka sauka, dattawan masunta suka sauka, masu dafa gishiri suka sauka, sanduna suka jeru kusa da juna kamar shingen gona, ba wadda ta yi wa 'yar'uwarta nisa.

Sai Waziri ya ce, "Saura masani ɗaya. Sarki a gaɓar nan ya girma, na kuma ji an ce yana yaro ba a cin sa a gasar kara."

Sarki ya dube shi tsawon lokaci, sannan ya karɓi mashinsa ya sauka. Ya je wajen sandunan ya tsaya, ya dubi teku, ya dawo baya, ya ƙara dawowa baya, saboda tsoron da mutuwar ɗansa ta koya masa, har ya bar sandar kowa can ƙasa, sannan ya soka mashin a rairayi. Ya ce, "Nan ko ranar babban ruwa da ƙyar yake zuwa."

Waziri ya ce, "Madalla. Yanzu a kafa turke a gindin mashin sarki, a ɗaure Barmo, a ɗaure ni tare da shi. Idan ruwa ya cika ya koma ƙafafunmu a bushe, to sanin kakanni yana nan daram, Barmo ne ya yi wasa da shi, a sare shi a wurin, a tuɓe ni. Idan kuwa ruwa ya iske mu, kada wani mahaluki ya taɓa igiyar nan sai sarki ya faɗa da bakinsa."

Sarki ya ce, "Ka san abin da kake roƙo? In ruwa bai zo ba ya mutu da takobi. In ya zo na yi shiru, ku biyu kun mutu."

"Na sani, Allah ya ja zamaninka. Hukuncin naka ne, ba na so in sace maka shi da dabara. Ni dai zan kawo shi gaban idonka."

Aka ɗaure su baya da baya. Jama'a suka hau tudu, aka shimfiɗa wa sarki buzu, Sarkin Dogarai ya zauna gefe yana wasa takobi a dutse, ƙarar tana saukowa har wajen turke. Azahar ta yi ta wuce, ruwa na can nesa kamar zaren azurfa. Galadima ya sa aka kawo masa goro, ya ɗaga murya ya ce, "Waziri, ko a aiko maka da buta ka jiƙa ƙafar, kada a ce ba ka samu komai ba?" Wasu suka yi dariya. Waziri kuwa yana duban gabas, inda tsohon wata ya fito fari fat, rabi, shi kaɗai. Zuciyarsa ta yanke. Sai can ƙasa da shi kaɗan, daga cikin hazon teku, wani jan abu ya ɓullo yana hawa.

Ya ce, "Barmo, akwai abin da ban gaya maka ba. Ban tabbata ba."

Barmo ya ce, "Yanzu kake faɗa?"

"Kuma da gaske nake, ban iya iyo ba."

"Allah ya gafarta malam, ɗaurarre ko ya iya iyo ina amfaninsa?"

Wajen la'asar Baƙo ya kai gefen tsohon wata, sai aka ji wani sauti daga teku kamar garken shanu na tahowa daga nesa. Zaren azurfan nan ya yi kauri, ya zama bango, ya shafe duwatsun, ya shafe kududdufan, ya iso shingen sanduna bai ko rage gudu ba. Ta Galadima ce ta fara kwantawa. Sauran suka bi ta, wasu ruwa ya tumɓuke su ya yi gaba da su, wasu suka nutse a tsaye. Dariya ta mutu a kan tudu. Mata suka fara salati, suna janye yara zuwa sama.

Ruwa ya taɓa gindin mashin sarki. Ya rufe idon sawun mutanen biyu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, sanyinsa kamar wuƙa. Duk ido ya koma kan sarki, shi kuwa ya miƙe tsaye bai ce uffan ba. Ba mutanen biyu yake gani ba, Yaya. Ɗansa yake gani. A karon farko yana ganin yadda abin ya faru, yadda ruwan ya zo, yadda ba gudun da zai tsere masa, kuma wani abu a cikin ƙirjinsa yana ce masa bar shi, bar tsohon nan ya ɗanɗana.

Ruwa ya kai ƙirji. Waziri gajere ne, igiyar ruwa ta fara dukan haɓarsa. Barmo ya lanƙwasa gwiwa ta baya ya ce, "Taka ƙaurina ka hau, na fi ka tsawo."

Waziri ya taka, ya ɗaga kai, ya tattara sauran numfashinsa ya yi kira, "Sarki! Ina mashinka?"

Sarki ya duba. Saman mashin ne kawai ya rage, yana leƙowa yana ɓacewa.

Galadima ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Allah ya ba ka nasara, ba hannunka ba ne. Ruwan da ya ci Hanafi ne zai ci shi. Ka yi shiru kawai."

Sarki ya juyo ya dube shi ya ce, "Galadima, da kai ne da ƙaho ranar, da ka busa?"

Galadima ya dubi inda sandarsa take ɗazu, ba ko alamarta.

Sarki ya ce, "Ni ma da na busa." Sannan ya daka tsawa, "Ku kwance su!" Dogarai suka ruga har bakin ruwa suka ja da baya, domin ya fi ƙarfinsu. Sai sarki ya yar da alkyabba, ya fizge wuƙa daga ƙugun Sarkin Dogarai, ya cije ta a baki, ya faɗa ruwa kamar yadda yake yi yana yaro. Ganin haka masunta suka bi shi. Ya nutsa ya yanke igiyar da hannunsa, aka fito da Waziri yana aman ruwa, aka fito da Barmo a sume, da ƙyar aka samo numfashinsa.

Da suka dawo hayyacinsu, sarki ya zauna a kan buzu, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Waziri, idona ya gani. Yanzu kunnena yana son ya ji."

Waziri ya ce, haƙoransa na kaɗawa, "Allah ya ba ka nasara, kakanninku sun gane cewa wata yana jan teku, sun kuma auna ƙarfin jansa awo mai kyau, ba su yi kuskure ba. Amma awon mai jan guga ɗaya suka yi. Yanzu masu ja biyu ne a bakin rijiyar. In suka tsaya gefe guda suka ja tare, gugan zai fito da ƙarfin da ba a saba ba, ya janye nesa ya dawo da gudu. In suka rabu kowa na ja ta wajensa, sai ƙarfinsu ya raunana. Gishirin da ya hau gonakinku daga nan yake, kuma ina zaton motsin ƙasar ma daga nan yake, domin abin da ya iya ɗaga teku ba zai bar tudu ya huta ba. Sakaci shi ne mutum ya bar abin da ya sani. Barmo bai bar komai ba, ya yi duk abin da aka sani, sai dai abin da aka sani ya daina isa. In za a kashe shi a kan wannan, to a fara tsamo sandunan nan a kira masu su ɗaya bayan ɗaya. Kuma akwai abin da bai faɗa ba, ni zan faɗa: wanda ya ja wa Yarima gaba ranar ɗansa ne, Jatau, shi ma bai dawo ba. Gari ya yi wa sarki ta'aziyya, shi kuwa mari aka kai masa."

Sarki ya tashi daga kan buzu. Sannan ya ɗauki alkyabbarsa busasshiya ya yafa wa Waziri da hannunsa, ya ba shi gida a kan tudu da gonakin da gishiri bai kai gare su ba, ya ce daga yau ba a zartar da hukuncin jini a Gawasa sai ya bi ta gabansa. Ya mayar wa Barmo da sarautarsa, ya haɗa shi da malaman taurari, su dubi sama shi ya dubi ruwa, su koyi tafiyar watannin biyu daga farko kamar yara, kuma kada a sake busa ƙaho sai sun gama. Ya yi umarni unguwannin gaɓa su tashi su koma sama kafin watannin biyu su sake haɗuwa. Da ya gama, bai nufi fada ba. Da jiƙaƙƙun tufafinsa ya bi Barmo har ƙofar gidansa, ya yi sallama, ya tsuguna daga bakin zaure ya yi wa uwar Jatau gaisuwar rashi, ita ma ta yi masa tasa.

Masu hikima suka ce a kan wannan: adalcin shugaba shi ne ya tsayar da kansa a inda mai laifi ya tsaya kafin ya zare takobi, in ya ga shi ma nan zai kafa sandarsa, to ya mayar da takobin kube, domin baƙin ciki yana neman wuyan da zai sara, adalci kuwa yana neman abin da ya faru.

Iyakar hikayar ke nan, Yaya. Audi mai kwalekwale yana nan, tun ranar da jirginsa ya kife da ku, ya fito da rai kai ba ka fito ba, ba mai amsa sallamarsa a kasuwa, ya jingine jirgin ya koma zaman ɗaki. Kowa ya san ruwan da ya sauko ranar ba a taɓa ganin irinsa a wannan watan ba, amma ba mai son faɗa. Jiya bayan la'asar na je gidansa. Da ya gan ni ya rufe fuska da hula. Na zauna a bakin tabarmarsa na ce masa sannu, shi ke nan abin da na iya cewa. Muka zauna haka, har matarsa ta kawo ruwa a kwano, na sha.

Inna ba ta san na je ba. Ban gaya wa kowa ba tukuna.